Bulo a Jikin Tubali

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan fadamar Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ba zai rasa ganin wannan ba: tsohon gidan manomi na tubali da azara, ga zaure ga rumbuna, sannan a jikinsa ga ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda wani ɗan gidan ya gina da kuɗin da ya samo a birni. Shin mai karatu ya taɓa tambayar kansa ko tsohon ginin yana da wani haƙƙi a kan sabon?

Ba zan zargi mai bulo ba. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka narkar da gidajen ƙasa kamar gishiri, ba ya bukatar a yi masa wa'azin al'ada. Kakanninmu sun yi gini ne da sanin lokacin zuwan ruwa da iyakarsa. To, tun da aka datse Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kachala kuma ta toshe hanyoyin kogi, wannan sani ya rikice.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗora sabon. Za a ɗaga harsashinsa sama, ruwan tsakar gida ya koma gindin soron kaka. Za a karkata kwano ya riƙa kwarara a kan katangar ƙasa, alhali indararon da magabata suka sa nesa yake jefa ruwa. Wani ma don ƙauna sai ya shafe tsohon bango da siminti, bai san ya toshe masa numfashi ba. Danshi ya taru a ciki, siminti ya ɓanɓare da naman bangon. Shekara kaɗan sai soro ya faɗi, a ce ai dama ƙasa ba ta da ƙarko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Musulunci ya hana mutum cutar da maƙwabcinsa da ruwan rufinsa. Ni a ganina hukuncin nan bai tsaya a bakin zaure ba, domin a cikin soron nan akwai tsohuwar da ba a shawarta ba ranar da aka ja igiyar awo. Ita ce kuma, in bazara ta yi kwano ya ɗau zafi, jikoki ke gudowa ɗakinta su yi barcin rana.