Motsi Ya Fi Laɓewa

Galibi akan jefa wannan karin magana ne ga saurayin da ya gama girbi ya share gindin gawo yana jiran wata damina, ko ga ɗan kasuwar da jarinsa ya karye ya shige ɗaki yana kunyar fitowa. Nufi dai ya tashi ya taɓa wani abu, ko da tallan goro ne, don arziki ba ya bin mutum har inda ya ɓuya. A ƙasar Magarya da Dungas, inda da an kai amfani rumbu samari ke tsallaka iyaka ta Tinkim ko ta Maigatari su nufi Kano ci-rani, babu wanda ke bukatar a fassara masa ita. Sai dai ba a cika kai ta ɗakin mai ciwon ƙugu ba, alhali kuwa can ma ta zauna daram.

Ciwon nan ɗan gida ne a wannan yanki. Manomi na sunkuye da hauya tun sassafe har azahar, daga noman firi zuwa maimai. Mai lambu a fadamun Korama na fama da ban ruwa da damin rake. Ɗan dako na saɓa buhun gero mai tiya 40, wato kilo 100, nauyin da ya fi nasa. Mace kuwa ba ta da rani ba ta da damina: daka da surfe, jan guga, jarka mai lita 25 a ka, shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe, duk ga goyo a baya. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, da guringuntsi a tsakaninsu, da tsoka da jijiyoyin da suka ɗaure su, su ke dakon duk wannan. Ran da za su nuna gajiyarsu kuwa, sau da yawa ba a ƙarƙashin buhu abin ke faruwa ba. Mutum ya duƙa zai ɗauki buta, sai ya ji abu ya soke shi, ya tsaya a karkace ya kasa miƙewa. “Ƙuguna ya riƙe,” in ji shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, tana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Amma cikin lissafin akwai abin da ke sanyaya rai. Wajen tara cikin goma na masu shi, ko an bincika ba a samun karaya ko ƙari ko wata cuta da za a nuna da yatsa. Irin wannan, in sabon kamu ne, mafi yawa yakan yi sauƙi sosai cikin mako shida. Aikin mai jinya shi ne kada ya tare wa sauƙin hanya.

To, me akan yi a gida? A shimfiɗa tabarma, ƴan dubiya su riƙa shigowa.

“Sannu Malam, ya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Ka dai kwanta, kada ka motsa. Baya ba ya son wasa.”

Uwargida ta kawo fura har shimfiɗa, yaro ya kawo buta da tasa. Ƙauna ce ta sa, kuma ba mutanenmu kaɗai ba, likitocin Turai ma haka suka yi ta faɗa shekara da shekaru kafin a gwada maganar. A 1995 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi kan ma'aikatan birnin Helsinki na ƙasar Finlan, mutum 186 da ƙugu ya riƙe. Wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu aka ba su atisayen lanƙwasa baya, sauran aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda ciwon ya bar su. Waɗanda suka ci gaba da harkoki su suka riga kowa warkewa, ƴan kwanciya kuwa su suka zo ƙarshe. Kwana biyu ke nan fa, ina ga mako biyu? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar da ba ta aiki takan saki, gaɓar da ba ta motsi takan sandare. Akwai kuma tsoro, wanda a ganina shi ya fi ɓarna: mutum ya fara ɗaukar bayansa tamkar abin da zai fashe, ya riƙa ƙanƙame jiki kafin ya juya, ƙanƙamewar kuma ta ƙara masa zafi.

Wannan ba ya nufin a hana shi kishingiɗa. Ranar farko da ta biyu, in zafi ya yi zafi, ya kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine a tura naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin gwiwoyin. In zai tashi kada ya yunƙura gaba ɗaya. Ya fara mirginawa gefe, ya tanƙwashe ƙafafu, ya dafa ƙasa da hannu ya ture kansa zaune, sannan ya dafa bango ya miƙe. A jiƙa tsumma da ruwan zafi, a matse, a gasa wurin kamar minti 15 ko 20, a kula kada a ƙona fata, musamman ta tsoho. A shafa man kaɗe a murza a hankali. Bayan haka sai tattaki: yau daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa ƙofar maƙwabci, jibi masallaci. Namiji ma an riga an tsara masa abin, domin zuwa jam'i sau biyar a yini tafiya ce gajera, a rarrabe, daidai irin wadda ake so. In ruku'u ya gagara, addini ya yi rangwame, ya yi a zaune, amma ya taka ya je. Dogon zama kan ƴar kujerar tsugunno da doguwar tafiya kan kabu-kabu ko amalanke a hanya mai gargada, waɗannan a ɗaga musu ƙafa tukuna. Ɗan zafi lokacin motsi ba alamar ana ɓarna ba ce. Zafin da ke ƙaruwa kullum, ko mai sauka ƙafa yana kashe ta, shi ne abin lura.

Sai dai duk wanda ya san ƙauyukan Bande da Dogo-Dogo da Sassumburum zai ce wannan wa'azi bai shafi kowa ba, kuma da gaskiyarsa. Ma'aikacin Helsinki yana da hutun jinya da albashi, shi ya sa ake lallashinsa ya tashi. Manomin da ƙugunsa ya riƙe a watan Yuli, ciyawa na cin geronsa, wa ya ba shi damar kwanciya? Haka matar da in ba ta yi daka ba gidan zai kwana da yunwa. Su tasu laɓewar a bayan ƙwaya suke yin ta.

Je ka kowace kasuwar ƙauye ka tsaya kusa da mai faifan magani. Ga katuna ja da kore da ruwan ɗorawa sun sha rana har rubutunsu ya koɗe. Dattijo ya matso, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

“Yaro, ba ni na ƙarfi, gobe ina da aiki.”

“Baba, wannan in ka sha, har magariba ba ka jin komai.”

Ya ɓalle biyu ya naɗe a takarda. Sau da yawa tramol ne, kuma irin wanda ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma yakan kai miligiram 200 ko 225, alhali ƙwayar da likita ya saba rubutawa 50 ce ko 100. Yaron bai yi ƙarya ba, Baba ba zai ji komai ba. Zai duƙa yini guda kan tsokar da ke neman a sassauta mata, da dare ƙwaya ta sake shi, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, gobe sai an ƙara. Daga nan jiki ya saba, wasu har farfaɗiya takan kayar da su a gona. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta ce kada a dogara da magunguna dangin tramol, haka ma ɗamarar da ake ɗaure ƙugu da ita. Abin da ta ƙarfafa shi ne motsa jiki, da wayar wa majiyyaci kai, da tausa, da magunguna irin su ibuprofen. Su ma waɗannan na ƴan kwanaki ne, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su taɓa su sai da izinin likita.

Abin mamaki, manomin nan ya san gaskiyar magana a kan dabbarsa. In san huɗa ya fara ɗingishi, ba ya ɗaure shi a turke wata guda, ba ya kuma ɗora masa garma washegari. Yakan sake shi ya yi kiwo kusa da gida, yana duban takunsa, har ran da ya ga ya daidaita. Abin da ake roƙo ya yi wa kansa ke nan. Motsin da karin maganar ke yabo shi ne wanda hankali ke jagoranta. A koma gona, amma a fara da aikin da ake yi a tsaye. In an duƙa a riƙa miƙewa a kai a kai, a dafa ƙugu a ɗan gantsare. Buhu a raba shi biyu, ko a kama da wani. In za a ɗaga abu, a matso da shi jikin mutum kafin a yunƙura. Wanda ya ga yadda manoman arewacin Damagaram ke noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota ya san sunkuyo ba wajibi ba ne a kowace ƙasa, musamman mai yashi. Gayya kuma da ma don irin wannan rana kakanni suka ƙirƙiro ta, kuma neman ta bai taɓa zama abin kunya ba.

Ta ɓangaren mata abin ya fi wuya, domin ciwon bayan mace ba a cika lissafa shi cikin ciwo ba. Namiji ya kwanta a zo dubiya, ita kuwa sai ta kasa tashi sannan a san tana ciwo. A nan motsin da ake bukata na mutanen gida ne. Kuɗin kai hatsi inji na mako biyu bai kai kuɗin asibiti ba. Yara maza su ɗauki jarka. A ɗora bahon wanki kan turmin da aka kifa, a sa wa tsintsiya sanda. Amarya ta ce, “Yaya, kawo taɓaryar, ki je ki ɗan zaga,” ran da nata ya tashi ita ma a rama mata.

Akwai kuma mai lasifika da ke zagaya kasuwa yana ɗora wa basir laifin komai, daga ciwon baya har mutuwar aure. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, ba shi ke riƙe ƙugu ba, kuma jiƙon da zai sa mai ciwon baya zaryar bayan gida yana tsugunno bai yi masa gata ba. Ƙahon wanzami, wasu na cewa suna jin daɗinsa, ba zan yi musu da jikinsu ba. Sharaɗi dai sabuwar reza, don askar da ta sha jinin wani tana iya kawo ciwon hanta. Sa yaro ya hau ya tattaka bayan tsoho kuwa ganganci ne, ƙashin tsufa ba ya jure haka. Hoton baya na asibiti ma da mutane ke ɗoki, har a sayar da akuya a tafi Damagaram ko Kano, a makonnin farko ba ya ƙara komai in likita bai nema ba. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa ko cikin mutanen da ba su jin ciwon komai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƴan shekara 20, da kusan duk ƴan shekara 80, hoto na nuna guringuntsin bayansu ya fara cinyewa. Sai a nuna wa mutum abin da kowa ke da shi, ya koma gida da fargaba.

Kowace karin magana tana da inda ta tsaya, wannan ma haka. Asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara kula da yara masu tamowa tun 2005, yakan cika da ƙanana masu zazzaɓin cizon sauro daidai lokacin da ƙugun manya ke ciwo, wato damina. Babba kan ji nauyin zuwa da ciwon baya a irin wannan lokaci, kuma mafi yawa jinyar gida ta wadatar. Amma akwai ciwon bayan da tattaki da gashi ba su yi masa komai. In ya zo da zazzaɓi, ko rama da zufan dare, ko ya hana barci kowace irin kwanciya aka yi, to yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, wanda in an bar shi yakan fito da ƙusumbi ya kashe ƙafafu, alhali yana da magani. In ya biyo bayan faɗowa daga bishiya ko babur, ko ya zo da zafin fitsari ko jini a ciki, ko mai shi tana da juna biyu, ko mai amosanin jini ne, a je likita ba jinkiri. Haka wanda ya haura mako shida ba sauƙi.

Wanda kuwa fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace masa, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan gadon baya, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin nakasa ta har abada. Ƴan'uwa, in kun ga haka a gidanku, kada ku jira ranar kasuwa ko wayewar gari. Ku nemi mota ku kai shi asibiti a ranar.