Mai Maye: Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya kan miyagun ƙwayoyi tun 1961, suka ƙara wasu a 1971 da 1988, amma yau bakinsu ya rabu. A Disambar 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke zama a birnin Biyana ta jefa ƙuri'a kan cire tabar wiwi daga jerin ƙwayoyi mafiya haɗari: ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi. Singafo tana rataye masu fatauci. Yurugai a 2013 da Kanada a 2018 sun halatta wa baligai wiwi. Ita kuwa Fotugal ta bi wata hanya ta uku a 2001: shan ƙwaya yana nan a hane, dillali yana zuwa kaso, amma wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, gaban kwamiti ake kai shi, a duba halinsa, a nuna masa ƙofar magani.

Ƙarƙashin wannan gardama akwai tambaya guda: mene ne ake nufi da hukunci? Malamai sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsarewa. Saboda haka halatta maye don nishaɗi ba shi da gurbi a wurin musulmi, ko da majalisu nawa suka sa hannu. Dokar mutane tana iya ɗage tara, ba ta iya mai da dafi ya zama zuma.

Sai dai haramta abu daban, jefar da mutum daban. Ya inganta cewa an sha kawo wani sahabi gaban Manzon Allah (S.A.W.) saboda giya. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An zartar da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Ita kanta giyar, mataki-mataki aka haramta ta, bayan zukata sun shirya.

Masu goyon bayan tsanani suna da hujja: in aka sassauta, yara za su ɗauka an buɗe musu ƙofa. Tsoron nan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a tausaya wa dillalin da ke cin kuɗi da haukan ƴaƴan mutane ba. Amma saurayin da ya fara shan taramol domin ya jure aikin kabu-kabu ko noma, in aka kulle shi shekaru tare da manyan ɓarayi, da me zai fito? Hukuncin da aka yi domin tsare hankali, in ya ƙarasa abin da ƙwaya ta rage, ya saɓa wa dalilinsa.

Mutanen tarbiyya sun san cewa ba a ɗiba maye sai don a cike wani rami a zuciya. Wanda aka fizge wa kwalba aka bar masa ramin, zai nemi wata. Don haka shehi ba ya tsaya ga hani. Yana ba muridi abin riƙo da abokan zama.

Ma'aunin kowace doka ke nan, a Biyana aka rubuta ta ko a Yamai: shin ta tsananta wa mai sayarwa, ta kuma bar wa mai sha hanyar komowa? Shi ne kuma ma'aunin zawiya ranar da ɗan wani ɗan'uwa ya tsaya bakin ƙofa, idanunsa jajur, yana jin kunyar shiga.

Allah Ya shiryar da ɓatattu, Ya tabbatar da shiryayyu. Amin.