Ajiyar Cimaka Ba Ta Warware Tawakkali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba mana shekara damina da kaka da ɗari da bazara, ya kuma ba kowane lokaci arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni cikin watan Fabrairu ya san abin da idonsa zai gani. Tumatir tuli-tuli, mai garka na roƙon a saya, kwando bai mayar masa da kuɗin da ya biya amalanke ba, da yamma kuma a zubar wa awaki abin da ya ruɓe. Idan Allah ya kai mu Yuli da Agusta, gidan da aka zubar da tumatir ɗin nan shi ne uwargida ke kaɗa kuka da ruwa da gishiri, yara su lasa su tashi. Wata biyar ko shida ne kawai tsakanin wannan yalwa da wancan ƙunci. Ubangiji bai hana mu ba. Ya ba mu a lokaci guda, ya bar mana aikin rarrabawa cikin watanni.

Akan samu wanda idan an yi masa wannan magana sai ya ce: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, tanadin gobe rashin tawakkali ne. Wani har ya kafa hujja da hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.), wanda aka misalta masu dogara ga Allah da tsuntsayen da ke wayar gari da yunwa su yi kwanan ƙoshi. Hadisin gaskiya ne. Sai dai malamai tun da can sun lura cewa tsuntsun da aka ambata fita yake yi da sassafe, ba a ce ya zauna cikin sheƙarsa yana jiran tsaba ba.

Mu duba ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). A cikin surar da ke ɗauke da sunansa, aya ta 47 zuwa ta 49, da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar bai tsaya ga fassara ba, sai da ya ba da shawarar aiki: a dage da noma shekara bakwai, abin da aka girbe kada a sussuke shi sai ɗan abin da za a ci, domin shekaru bakwai masu tsanani na tafe. Annabi ne ɗan Annabi, babu wanda zai koya masa dogara ga Allah, amma ga shi yana koyar da ajiya har da dabararta. Kakanninmu kuma da ke ɗaure hatsi dammai-dammai su zuba a rumbu da zangarniyarsa, dabarar ke nan suka riƙe, domin hatsin da ba a sussuka ba ya fi jimre wa ƙwari.

Shugaban masu tawakkali (S.A.W.) shi ma ya yi ajiya. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda daga amfanin dabinon Banu Nadir. Wanda ya ce ajiyar shekara raunin imani ne, to, ya dubi wanda maganarsa ta taɓa.

Amma akwai iyaka, kuma naman layya ne ya fi bayyana ta. Wata shekara Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mutanen Madina ajiye naman layya fiye da kwana uku. Daga baya ya ɗage hanin, ya bayyana musu cewa dalilinsa shi ne wasu matalauta na ƙauye da suka sauka garin a waccan shekara, ya kuma halatta su ci, su yi sadaka, su ajiye. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. Ku lura da kyau, Allah ya yi muku rahama: asalin ajiya halal ce, abin da ya tsayar da ita a waccan shekara yunwar maƙwabci ce. Saboda haka soyayyen naman layya da iyayenmu mata ke adanawa a tukunya ya yi watanni yana kan sunna, muddin ba a rufe tukunyar alhali gidan da ke jikin katanga bai ɗora girki ba.

Daga nan ne ake gane bambancin ajiya da ɓoye abinci, wanda malaman fiƙihu ke kira ihtikari. Manomin da ya ajiye abin da ya noma, da magidancin da ya auni na shekara lokacin araha, babu laifi a kansu. Wanda aka zarga shi ne mai kwashe cimakar kasuwa lokacin da jama'a ke cikin matsi, ya kulle yana jiran tiya ta ƙara tsada, kuma malamai sun ba hukuma ikon tilasta masa ya sayar. Waɗanda suka ga shekarar 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, ba sa buƙatar dogon bayani. Hatsi bai ɓace daga kasuwanni ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, kuma a jihar Maraɗi, wadda ake ƙirgawa cikin rumbunan ƙasa, aka ga wuraren jinyar tamowa cike da yara.

Akwai wata ajiya kuma da ba mu san sunan da za mu ba ta ba sai zalunci. Magidanci ya gama kaka, ya liƙe rumbu, ya ce ba za a buɗe ba sai lokacin noma, ya kama hanyar cin rani, ya bar mata da yara su ci da kansu wata biyar. In an yi magana ya ce tanadi yake. Ciyar da iyali wajibi ne a kansa kowace rana ta Allah, rani da damina. Ba a tanadi da haƙƙin wani. Haka wanda ke sayar da rabin rumbu da kaka don bikin ƙarya, ya dawo da damina yana cin bashin tiya guda a biya biyu.

To, yaya za a yi? Dattawanmu suna tune da 1984, shekarar da ake kira El Buhari, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa noman rani, aka gina rijiyoyi a fadamu da bakin tafkuna, garake suka yawaita. Da yawa daga garaken da muke cin amfaninsu daga nan suka samo asali. Amma ba kowa ke da fadama ba, kuma ba sai da fadama ba. Bayan ɗaki, kusa da inda ake wanke-wanke, taku huɗu zuwa biyar sun isa a shuka zogale da yakuwa da kuɓewa da tonka, a kewaye da ƙaya ko zana saboda awaki. Zogale ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma idan ana sare kansa yakan yi rassa ya ba da ganye inda hannun mace zai kai. Mutanen Jiratawa sun mayar da shi sana'a, har cikin azumi buhunsa yakan yi daraja. Mu kuwa a masallatanmu, ruwan alwalar mutum ɗari, sau biyar a yini, yana gangarewa kwararo ya zama taɓo da gidan sauro, alhali ruwa ne mai tsarki. Ƙaramar magudana kawai yake buƙata zuwa gindin zogale ko lemo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka. Kwamitin masallaci da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan a bakin famfonsa.

Shanya ita ma ilimi ce, kuma a nan iyayenmu mata sun fi mu sani, sai dai mu tunatar. Kauɗar da aka baza a gefen kwalta ko a ƙasa tsirara, ƙura ta rufe, ƙuda ya sauka, akuya ta taka, ita ce gobe za a zuba a miyar yara. A yanka tumatir mai lafiya da wuƙa mai tsabta, a shimfiɗa bisa tabarma a kan rumfa, a lulluɓe da ƙyalle mai shara-shara, a bar shi har sai ya bushe ƙayau. Kuɓewa ma haka. Amma ganye, irin zogale da yakuwa da lalo, a inuwa ake shanya shi inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye sinadarin da ke ƙarfafa ido da jikin yaro. Ganyen da ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa. Duk abin da aka ajiye da sauran laima zai yi fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana da dafi mai lalata hanta sannu a hankali, wuta ba ta kashe shi. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Mutanen Galmi da Madawa sun san cewa ajiyar albasa tun daga garka take farawa. Wadda aka cika wa takin zamani, ko aka tono ana cikin ba ta ruwa, ba ta daɗewa a rudu. Sai ganye ya kwanta, a yanke ruwa kamar mako biyu, a tone, a bar wuyanta ya bushe, sa'an nan a jera ta a rudu inda iska ke shiga ta ƙasa, ana leƙawa ana fitar da mai ruɓa. Ganyen ma ba a yar da shi, shi ne gabu. A gefe guda, tun da an sha tambayarmu: a mazhabar Malik babu zakka a kan albasa da tumatir da sauran kayan miya, sai a kan kuɗinsu idan sun kai nisabi shekara ta kewayo musu. Abu Hanifa yana ganin akwai, kuma Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike ne, ya karkata ga ra'ayinsa. Mai loda motoci zuwa Gana da Abijan ya yi wa kansa hisabi, ya dubi mai hatsin da ke fitar da dami ɗaya cikin goma.

Wake kuwa, ku ji tsoron Allah a kansa. Yayyafa piya-piya ko wani maganin ƙwari da ba a san asalinsa ba a cikin abin da mutane za su ci, sa'an nan a kai kasuwa ba a faɗa ba, algus ne, kuma idan rai ya salwanta akwai tambaya. Alhali akwai mafita: buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi. Leda biyu ce cikin buhu guda, a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace daban, ƙwaro ya mutu don rashin numfashi. Jarka mai murfin kirki da aka cika har baki tana yin wannan aiki.

Cikin abin da ake shanyawa a gidajenmu har da na magani: sabara, bagaruwa, sanamaki, ganyen dogon yaro. Ba mu raina su, Allah ne ya sanya amfani a cikinsu. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tambayi Asma'u ƴar Umais da me take wankin ciki, da ta ambaci wani tsiro mai zafi ya nuna mata ya yi tsanani, ya yaba sanamaki. Ashe ba kowane ganye ba ne ke zama lafiya don kawai daga ƙasa ya fito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wanda ya shiga ba da magani alhali ba a san shi da saninsa ba, ramuwar abin da ya ɓata tana kansa. Maganin masassarar cizon sauro da ake bayarwa a likita shi kansa daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka fara ciro shi, matar da ta jagoranci binciken ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Bambancinsa da jiƙon gida shi ne awo: an san abin da ke cikin kowace ƙwaya, an san na jariri da na babba, jiƙo kuwa yau ya yi kauri gobe ya yi tsarari.

Saboda haka, ya ku magidanta, damina lokacin ƙarancin cimaka ce kuma lokacin sauro. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwarsa ya ishe shi, ba ya buƙatar dauri ko jiƙo, kuma likitoci sun yi gargaɗin kada a ba shi zuma sai ya cika shekara. Idan masu raba maganin rigakafin masassara na wata-wata suka zo ƙofar gida, a fito musu da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a kuma cika musu kwana ukun. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar. Idan kuwa ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya fara jijjiga, ba a jiran wayewar gari, ba a jiran ganye ya jiƙa. Kuɗin kai shi ma yana cikin tanadin da ake yi da kaka, ko da buhun wake guda ne aka ware aka ce na likita ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saukar mana da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.