Jinkirin Haske da Iyakar Gani

Haske yana cin mita 299,792,458 a daƙiƙa guda a sararin da babu komai. Gudun ya wuce misali, amma yana da iyaka, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka. Aristotal ya tafi a kan cewa haske ba ya tafiya, bayyana kawai yake yi nan take. Ibnul Haisam, wanda ya rasu wajejen 1040, ya ce dole ya ɗauki lokaci, ko da ido bai ankara ba. Sai a 1676 Ole Rømer ya kawo hujja daga husufin ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari.

Bahaushe na cewa gani ya kori ji. To amma idan haske sai ya yi tafiya kafin ya iso, ashe gani ma labari ne da ɗan aike ya kawo. Ranar da mutumin Fagge ke kallo gab da magariba, haskenta ya baro ta fiye da minti takwas da suka wuce. Jinjirin watan azumi ma da jinkirin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya yake isowa. Ido bai taɓa riskar abu a halin da yake ciki yanzu ba. Wannan bai taɓa hukuncin ibada ba, domin malaman fiƙihu sun rataya lokacin magariba ne a kan ɓacewar rana ga mai kallo daga ƙasa, gwargwadon abin da bawa zai iya riska.

Abin burgewa shi ne, jinkirin nan da kansa ya zama ma'auni. Wayar ɗan kasuwar Sabon Gari tana gane inda take ne ta lissafin lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurarin ɗan'adam na GPS, aƙalla huɗu, masu nisan kusan kilomita 20,000. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo ɓatan mita 300, wanda ya isa ya kai mai neman shago a titin France wani layi daban. Manhajar alƙibla ma da wannan lissafin take farawa.

Har yadin Kantin Kwari bai tsira ba. Tun 1959 aka tsayar da yadi a kan mita 0.9144, sannan a 1983 aka ayyana mita da tazarar da haske ke ci cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Mai shadda ya miƙe ƙyalle a kan sandar awo ya sa almakashi, tsawon sandar kuwa daga gudun haske aka ciro shi.