HANYA TA CIKIN GONAR WANI

A ce rani ya yi, ruwan Gulbin Rima ya ja baya, fadamar Sabon Birni ta cika da lambuna. Sai ga waɗansu baƙi cikin motar jif, irin wadda ƙafafunta huɗu duk su ke ja, suna so su gangara bakin gulbi, su kafa tanti, su kwana biyu suna kamun kifi. Tsakanin titi da ruwa kuwa babu komai sai fangulan albasa. Mai lambu ya tare su ya ce, "Ƙasata ce, ba mai bi." Direba ya ce, "Gulbi dai ba naka ba ne." To, kai mai karatu, in aka sa ka raba wannan gardama, wa za ka ba gaskiya?

Kada ka ce tambayar ƙarama ce, gama har a ƙasashen nesa an sha ka-ce-na-ce a kanta. A yammacin Ostareliya akwai manyan gandayen shanu da tumaki, waɗansu sun fi ƙasar hakimi guda faɗi. A gaɓar da a ke kira Ningalu gandayen nan sun kai har bakin teku, saboda haka duk mai jif da ke so ya kwana can, tilas ya ratsa ta cikinsu. Masu gandayen ba su mallaki ƙasar ba, haya su ke yi daga gwamnati domin kiwo. A 2015, da wa'adin hayar ya ƙare aka zo sabuntawa, sai gwamnati ta yanke bakin tekun daga waɗansu gandaye, ta ajiye shi domin jama'a duka. Duk da haka ladabin da a ke nema ga baƙo bai sāke ba: ya nemi izini, ya bi sawun da aka saba bi, ya bar kowace ƙofar shinge yadda ya same ta.

Mu kuwa a nan Gobir, kakanninmu sun san wannan magana tun ba a ƙera mota ba. Abin da su ka yi shi ne burtali, watau hanyar da a ke bari tsakanin gonaki domin shanu su tafi mashaya ba tare da sun taɓa shuka ba. Ƙasar Gobir ta ratsa iyaka, Tsibiri na cikin Nijar, Sabon Birni da Isa na cikin Nijeriya, garkunan shanu kuwa su kan yi arewa da damina, su komo kudu da rani, su sha a Rima da Bunsuru da Gagare. In an yi girbi, manomi ya kan bar shanu su ci kara, su kuma su bar masa taki. In sun yi ɓarna, dagaci da arɗo su kan taru su ƙiyasta, a biya.

Dokokin zamani ma sun bi wannan sawu. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1978 dokar ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna amana domin jama'a. A 1998 ƙasashen Afirka ta Yamma su ka yarda makiyayi ya ƙetare iyaka da dabbobinsa, in yana da takardar shaida, ya kuma bi hanyar da aka zayyana. Malamai kuma sun daɗe suna koyar da cewa ba a hana mai ƙishirwa ruwa, ko mutum ne ko dabba.

Ka ga ke nan mai lambu ya yi kuskure guda. Abin da ya mallaka shi ne guminsa da shukarsa. Gulbi kuwa ya same shi yana gudu, zai kuma bar shi yana gudu. Wanda ya toshe hanyar ruwa don ta bi ta gefen gonarsa, ya ƙwace abin da ba a ba shi ba.

Amma kuskuren direba ya fi girma, ga kuwa dalili. Mai tafiya ƙasa ya kan tsallake kunya, jaki ya kan bi ɗan siririn turba, mota kuwa ba ta san wannan ba. Tana rushe fangali, ta fasa magudanar ruwa, ta danne ƙasa. In ta bi wuri sau ɗaya, gobe wata ta ga sawu ta bi, da damina ruwa ya bi sawun ya zaizaye shi ya zama kwazazzabo. A dā yashi da taɓo su ne su ke tsare gonar talaka daga mai abin hawa. Tun da aka fito da Land Rover a Ingila a 1948, sauran irinta su ka biyo baya, wannan shinge ya faɗi. Yanzu ba abin da zai tsayad da direba sai kunyarsa da tunaninsa. Iyawa dabam, izini dabam.

Sa'an nan a duba abin da ya kawo mutum. Makiyayi yana neman ruwa ne don kada dabbarsa ta mutu, mai tanti kuwa hutawa ya zo yi. Hutawa ba laifi ba ce, amma ba ta kai a tattake abincin shekarar wani dominta ba. Na farko yana da hakki, na biyu alfarma ya ke nema, mai neman alfarma kuwa da sallama ya ke farawa.

Wannan ba zancen fatar baki ba ne. Da mutane su ka yawaita, aka riƙa cin burtali da garma, aka kuma riƙa cin shuka ba biya, kowane gefe ya ƙulla wa ɗan'uwansa. Ba wannan kaɗai ya jawo 'yan bindiga ba, dalilai suna da yawa, amma lalle yana cikin saiwoyin abin. Daga 2019 dubban mutanenmu su ka yi gudun hijira zuwa yankin Maradi, a watan Disamba na 2021 kuma aka ƙone matafiya cikin motarsu a ƙasar Sabon Birni. Hanyar da aka yi ta jayayya a kanta, ranar nan ba manomi, ba makiyayi, ba mai mota da ya iya binta da kwanciyar rai.

To, ga hukuncina game da baƙin nan. Direba ya kashe mota a bakin titi, ya sauka, ya yi sallama. Mai lambu ya nuna masa burtali, ko da ya fi nisa. In mota ba ta shiga, su ɗauki kayansu a ka. In sun taka albasa, su biya ba gardama, mai lambu kuwa kada ya karɓi ko kwabo saboda ruwa. Gona tana da mai ita, hanya ta kowa ce, mai binta kuwa amana ya ɗauka. Hausawa sun ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.