Akuyarka Ba Ta Zuwa Gaban Alƙali

Ɗana, tunda ka fara sayen awaki da raguna kana turkewa a gida nan unguwar Kilomita Biyar don ka kiwata kafin Babbar Sallah, akwai maganar da nake so ta shiga kunnenka tun wata ba ta tsinke igiya ba. Abin da dabbarka ta ci, ko ta tattake, ko ta tunkuya, a wuyanka yake. Kada in ji ka ce wa maƙwabci "ai dabba ce". Shi ma ya san dabba ce, shi ya sa bai tsaya yi mata magana ba, ya yi sallama a ƙofarka.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. A Muwaɗɗa Malik an kawo labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta faɗa gonar wani mutum ta yi ɓarna. Manzon Allah (SAW) ya yanke cewa da rana masu gona ne za su tsare gonarsu, amma abin da dabbobi suka ɓata da dare, masu dabbobin za su biya. Risala kuma ta ɗora biya a kan mai kora da mai ja da mahayi, idan dabbar ta take wani abu. Suratul Anbiya ma ta kawo shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan tumakin da suka kwana suna kiwo cikin shukar mutane. Duk cikin hukunce-hukuncen nan, mai tunkiya ake kira, tunkiya tana turkenta.

To, kada ka fake da hukuncin rana. Wancan zancen karkara ne, inda gona take gefe, makiyaya take gefe. Kilomita Biyar kasuwa ce. Akuyar da ka saka da hantsi ba ciyawa za ta samu ba, sai garin rogon da wata baiwar Allah ta shanya, ko tiren mai tumatir.

Turawa sun taɓa ɓatan kai a nan. A 1386, a garin Falaise na Faransa, an gurfanar da wata alade gaban kotu saboda ta kashe yaro, aka kuma zartar mata da hukuncin kisa a bainar jama'a. Daga baya dokar Faransa ta 1804 ta dawo kan hanya: mai dabba ke biyan ɓarnarta, ko da kufce masa ta yi. Yanzu kuma wasu sun karkata ɗaya gefen, suna neman kotu ta ɗauki dabba matsayin mutum. A 2022 babbar kotun jihar New York ta Amurka ta ƙi yin haka ga wata giwa mai suna Happy. Ni a ganina duk wahalar da kai ce. Dabba tana da haƙƙi, amma ba ta da laifi. Ka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha. Saboda haka ranar da akuyar wani ta shigo maka, kada ka karya mata ƙafa, kada ka bar yara su jefe ta. Ka ɗaure ta a inuwa, ka ba ta ruwa, ka aika wa mai ita, in ya yi gardama ka kira mai unguwa.

Abin da ya sa nake matsa maka, ka ga yadda ake yi a daji. Shanu su gangaro daga Chadi da rani, su afka gonar rogo, manomi ya sassari saniya, makiyayi ya dawo da bindiga, kafin mako maganar ta tashi daga rogo ta koma Musulmi da Kirista. Mu da muka ga rikicin 2014 a wannan unguwa, lokacin da tsallaka titi ma sai da addu'a, mun san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Idan taka ce ta yi ɓarna, kada rana ta faɗi ba ka je ba. Ka tafi da dattijo ɗaya, ka gaida mai kayan da yaren Sango in shi yake ji, ka bar shi ya faɗi asararsa kafin ka buɗe baki. Ka biya a gaban shaida. Igiyar kuwa ka sake ta da sabuwa, ka riƙa duba turke da kanka bayan Isha'i, kada ka bar wa almajiri.