Kana Kan Tallafin Gwamnati a Birtaniya, Matarka Tana Gida: Ya Halatta Ka Haɗa Takardu?



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai tambayar da ta yawaita daga 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, na Landan, na Manchester, na Birmingham. Lafazin yakan bambanta, amma maganar ɗaya ce. Mutum ya yi aure a gida, a Kano ko Zariya ko wani zango a Kumasi, yana son ɗauko iyalinsa, ga shi yana karɓar tallafin gwamnati, abin da yake samu bai kai abin da hukuma ke nema ba. Sai wani ya ce zai haɗa masa takardun albashi. Ko aboki ya ce zai zuba masa kuɗi a asusu, in biza ta fito ya kwashe abinsa. Sai ya tambaya: Malam, tunda niyyata ta alheri ce, ya halatta?

Mu fara da dokar, domin ba a yin fatawa a kan abin da ba a gane ba. Maganar ta shafi wanda yake ɗan ƙasa ko yake da izinin zama na dindindin. Ɗalibi da mai bizar aiki hanyarsu daban ce.

Tun watan Yuli na 2012 Birtaniya ta sa sharaɗin cewa mai son kawo matarsa ko mijinta sai yana samun fam 18,600 a shekara. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Ka duba fa: mutumin da ke aiki cikakken mako a kan mafi ƙarancin albashi, abin da yake samu a shekara bai kai wannan ba. Tallafin Universal Credit ba a ƙirga shi a cikin wannan lissafi. Albashin da matar ke karɓa a Najeriya ko Gana, ko likita ce, shi ma ba a ƙirga shi a neman farko. Wanda ya ce zai dogara da ajiya kaɗai, sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata shida a hannunsa. Ban da kuɗin neman bizar da ya kai kimanin fam 2,000, da kuɗin lafiya fam 1,035 a kowace shekara, da gwajin tarin fuka, da jarrabawar Turanci.

Ni ban ce wannan doka ta yi adalci ba. Doka ce da ta sa farashi a kan zaman miji da matarsa, kuma talaka ta fi danna. An kai ta har Kotun Ƙolin ƙasar, a 2017 kotu ta ce ta halatta, sai dai ta ce a riƙa duba maslahar yara. Duk mai ikon yin magana a kanta ta hanyar da ta dace, ya yi. Amma tsananin doka abu ɗaya ne, halaccin ƙarya wani abu ne daban.

Amsata ita ce, bai halatta ba.

Ranar da ka karɓi izinin zama ko fasfo ɗin ƙasar nan, ka shiga alƙawari. Fuƙaha suna kiran wannan amana, kuma ba yau suka fara maganar ba. Ibnu Ƙudama ya kawo a cikin Al-Mughni cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincewarsu, haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu, domin ba su amince masa ba sai bisa sharaɗin ba zai ci amanarsu ba, ko da ba a furta sharaɗin da baki ba. To ina ga kai da ka furta, ka sa hannu a ƙasan fom cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne? Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce na cika alƙawura, ba ta ware wanda aka ƙulla da Bature ba.

Ku tuna da Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah Ya ƙara musu yarda. Ƙuraishawa sun tare su a hanya gab da Badar, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka ba da labari, Annabi (SAW) ya umarce su su koma su cika alƙawarin. Muslim ne ya ruwaito. Wannan fa ranar da Musulmi ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba, mutum biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma alƙawarin an ɗaukar wa maƙiya ne masu zare da takobi. Ku kuwa mutanen da kuke zaune da su ba yaƙarku suke yi ba. Kuna salla a masallatanku, 'ya'yanku suna karatu a makarantunsu. Shi ya sa maganar nan ta "ai dukiyar kafiri ce" take ba ni mamaki. Baitulmalin da ake biyanka daga ciki, harajin direban bas ne da ma'aikaciyar jinya, da yawansu ma Musulmi 'yan uwanka.

Kuɗin aro da aka ajiye a asusu don a nuna, hukuncinsa ɗaya da takardar bogi. Annabi (SAW) ya taɓa sa hannu a tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kira wannan algus, ya kuma nisanta mai yin sa daga tafarkinsa. Asusun da samansa kuɗi ne ƙasansa bashi, wannan tarin hatsin ne. Kyauta ta gaskiya kuwa daban ce. In mahaifinka ko yayanka ya ba ka, ba da niyyar ya karɓe ba, doka ta yarda, shari'a ta yarda, ka dai bayyana daga ina suka fito.

Sannan ka san wa zai sha wahalar in asiri ya tonu? Sunan matarka ne a kan fom ɗin. Ita za a hana, kuɗin nema ya tafi, ƙaryar ta zauna a fayil ɗinta tana bin ta duk lokacin da ta sake nema, alhali wataƙila ba ta ma san an yi ba. Kai kuma in ya bayyana kana aikin bayan fage kana karɓar tallafi, ka buɗe wa kanka wata ƙofar.

Yanzu ga abin da da yawa ba su sani ba, kuma shi na fi so a yaɗa. Karɓar tallafi ga wanda ya cancanta halal ne, babu abin kunya a ciki. Kuma ba kowane tallafi ne ke rufe ƙofa ba. Wanda ke karɓar tallafin naƙasa ko jinya, irin su PIP, ko Disability Living Allowance, ko Attendance Allowance, ko Carer's Allowance da ake ba mai kula da mara lafiya aƙalla awa 35 a mako, ba a neman fam 29,000 a wurinsa. Abin da ake dubawa shi ne, bayan an cire haraji da kuɗin haya daga duk abin da ke shigo masa a mako, ragowar ta kai abin da gwamnati ke ba iyali mai girman nasa su rayu, wanda ga miji da mata ya ɗan haura fam 140 a mako a 2024. A nan tallafin da kansa yana shiga lissafi. Sai kuma a ga gidan zai ɗauke su ba cunkoso. Ɗan'uwan da ke jinyar mahaifiyarsa tsohuwa, yana zaune yana ganin ba shi da hanya, wataƙila hanyarsa tana nan a buɗe. Amma kar wani ya ji wannan ya je ya ƙirƙiro wa kansa ciwon baya. Wannan ƙarya ce a kan ƙarya, da butulce wa lafiyar da Allah Ya ba ka.

Mai lafiya kuwa, wanda Universal Credit kaɗai yake karɓa, maganar gaskiya sai ya nemi aiki. Ana iya haɗa aiki biyu. Ana iya haɗa albashi da ajiya: mai samun fam 24,000 ya rage masa 5,000, a ninka sau biyu da rabi, a ƙara 16,000, ajiyar da yake buƙata ta zama 28,500. Takardun albashi na wata shida a wurin aiki ɗaya su ne aka fi nema. Da wuya, na sani. Amma wata shida na gumi ya fi shekaru na fargaba. Dokokin nan kuma suna canzawa, don haka a duba shafin gwamnati, a nemi lauya mai rajista, ba ɗan cuwa-cuwa ba.

Akwai kuma ƙaryar da ta riga wannan, wadda ake yi wa surukai. Mutum ya zo gida hutu, shadda ta sha bugu, ana "ɗan Landan ya zo", ya ce wata uku kacal zai aiko mata. Ya san abin da ke asusunsa. Yarinya ta ajiye karatu, ta zauna shekara biyu, uku, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, sai kiran bidiyo da "ki ƙara haƙuri". Suratun Nisa'i, aya ta 129, ta hana a bar mace a rataye kamar haka. Allah Ya yanka wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu a Suratul Baƙara, kuma an ruwaito Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar da doguwar rashin miji ta cutar da ita tana da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali, ko da kuwa ana aiko mata da kuɗin cefane. Kwanon abinci ba shi ne aure gaba ɗaya ba.

Don haka waliyyai, ku yi tambaya kafin a shafa fatiha. Wace takardar zama yake da ita? Aiki yake yi ko tallafi? Yana da wata matar a can? Domin Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure alhali ta farko tana ƙasar. Wannan tambayar ba kwaɗayi ba ce, aikinku ne.

Wanda kuma aka riga aka ɗaura, ya zauna da matarsa ya faɗa mata lissafin kamar yadda yake, da adadin da ya rage da lokacin da yake hasashe. In ta zaɓi ta jira, ya riƙa zuwa gwargwadon iko, ya tsare ciyarwa. In zaman can ya gagara haɗa su, ya yi tunanin dawowa inda take, ai ba wahayi aka yi masa da zaman Ingila ba. In kuwa ta ce ta gaji, ya sauwaƙe mata cikin mutunci, kar ya riƙe igiyarta don kawai a ce yana da mata a gida.

Allah Ya haɗa kowa da iyalinsa ta hanyar halal. Wallahu a'alam.